Lamba Goma Sha Ɗaya da Shafin da Ba Mu Karantawa

A zangon karatun da ya gabata, wata 'yar'uwarmu, malama a ɗaya daga cikin makarantun firamare na wannan reshe, ta wayi gari ta tarar da saƙo a wayarta cewa an kwashe abin da ke cikin asusunta na ajiya, ba a bar mata ko na cefane ba. Ta ɗauka 'yan damfara ne suka yi mata aika-aika, ta garzaya banki tana salati. A can aka duba, aka ce mata babu wani ɓarawo a cikin maganar: wani banki ne dabam, wanda ta ci bashinsa shekara guda da ta wuce, ya miƙo hannu ya ɗauki haƙƙinsa, kuma da izininta ya ɗauka, ga sa hannunta nan a takarda. Abin da ya sa ta zauna daɓas a ƙasa shi ne, kuɗin ba nata ba ne. Ita ce uwar adashin malaman makarantarsu, zubin wata ne na mutum goma sha biyu, kuma wadda kwasa ta zo kanta tana shirin aurar da 'ya.

Malamar ba mai taurin bashi ba ce. Daga albashinta ake cire kuɗin kowane wata, kuma ba a taɓa samun tsaiko ba sai da aka dakatar da albashin na wata uku. Dalilin dakatarwar kuwa, a tantancewar ma'aikata da aka yi an ga sunan da ke kundin albashi ya ƙare da sunan mahaifinta, wanda ke jikin lambarta ta BVN kuma ya ƙare da sunan mijinta. Na'ura ta ce mutum biyu ne. Aka jefa ta cikin jerin waɗanda ake shakkar wanzuwarsu, ita da ta shekara goma sha bakwai tana cin ƙurar alli a gaban yara.

A tsaya a dubi wannan lamari da idon basira. Lamba ɗaya ce, mai alƙaluma goma sha ɗaya. Ranar da za a biya malamar haƙƙinta, lambar ba ta isa ta tabbatar da cewa ita ce ita ba, sai an yi rantsuwa a kotu, an buga sanarwa a jarida, an yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi. Ranar da za a karɓa daga gare ta kuwa, lambar nan ta isa har ta yi yawa: cikin ƙiftawar ido ta gano ta a bankin da mai bin bashin bai taɓa sanin tana hulɗa da shi ba, babu wanda ya tambayi sunan uba balle na miji. Wannan shi ne ƙorafinmu, kuma ba mu yarda cewa tsautsayi ne ko kuskuren na'ura ba. Rubuta shi aka yi. Akwai waɗanda suka zauna suka tsara kalmomin yarjejeniyoyin da muke sa wa hannu ta yadda igiyar za ta yi tsawo a wajen kama mu, ta gajarce a wajen ceton mu.

Malamin yau lambobi sun yi masa yawa. Akwai lambar asusun banki mai alƙaluma goma. Akwai BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, wadda ta ɗaure zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa da duk wani asusu da ya buɗe a kowane banki. Akwai NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa, wadda tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya. Akwai lambar rajista ta hukumar TRCN da ke shaida cewa mutum ƙwararren malami ne, da lambar fayil ta wurin aiki, da lambar asusun fansho ga waɗanda ke cikin tsarin adashin gata. A da kowace tana zaman kanta, kamar makullan ɗakuna dabam-dabam a gida guda. Yanzu an zura su duka a zobe ɗaya, wanda ya riƙe ɗaya ya kama hanyar sauran. Ba mu ƙi wannan ci gaba ba, za mu kuma faɗi alherinsa a inda ya dace. Tambayarmu ita ce: wa aka ba zoben, da wane sharaɗi, zuwa yaushe?

Amsar tana shafin farko ko na biyu na kowace yarjejeniya, a sashen da ake fayyace ma'anar kalmomi. Shi ne sashen da kowa ke tsallakewa. Idan wakilin banki ya zo ofishin hedimasta da fom a jaka, idanunmu wuri uku suke nema: nawa za a ba ni, nawa za a riƙa cirewa, wata nawa. Daga nan sai mu tambaya, “Ina zan sa hannu?” Shi kuma da ma ya riga ya yi 'yar alama da fensir a gurbin. Mu da muke koya wa yara cewa ba a amsa tambayar jarrabawa sai an karanta umarnin da ke samanta, mu ne muke rattaba hannu a shafi goma sha biyar na Turancin lauyoyi muna tsaye, ana jiran mu a aji. Wannan abin kunya ne, kuma gara mu faɗa wa kanmu kafin wani ya faɗa mana.

Ɗauki kalmar “asusu”. Duk Bahaushen da aka ce masa za a riƙa cire bashi daga asusunsa, asusun albashi zai fahimta, domin shi aka yi magana a kansa, lambarsa aka rubuta a saman fom. To amma a sashen ma'anoni sai ka tarar an ce duk inda kalmar ta fito ana nufin kowane asusu da mai karɓar bashin ya mallaka, ko zai mallaka nan gaba, a wannan banki ko a wata cibiyar kuɗi, muddin yana rataye da lambarsa ta BVN. Da wannan jimla guda an mai da tulu ya zama kogi. Daga nan har ƙarshen takardar ba za a sake maimaita bayanin ba, “asusu” kawai za ka riƙa gani, kana karantawa da ma'anar da ke kanka, su kuma suna nufin wadda suka shimfiɗa a shafin da ka tsallake.

Wannan faɗaɗawa tana da gindin zama a doka, kuma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san sunanta. Tsarin GSI ke nan, wanda Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinsa a 2020, ya fara aiki ranar 1 ga Agusta na wannan shekarar. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne: lokacin da kake karɓar bashi kana ba da umarni na dindindin cewa idan ka gaza biya, bankin da ke bin ka yana iya karɓar kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna ba tare da ya sake tuntuɓar ka ba. Asusun ajiya ya shiga, na yau da kullum ya shiga, na kuɗin waje da na zuba jari sun shiga, har da lalitar kuɗi ta waya. A farkon 2022 aka ƙara wa tsarin ƙarfi, aka cire iyakar yawan lokutan da za a iya gwada cirewar, ya zama ana iya ci gaba da leƙa asusun har sai bashin ya fita. Na'urar ba ta san adashi ba. Ba ta san kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da aka damƙa wa ma'aji ya ajiye a asusunsa domin makaranta ba ta da nata ba. Ba ta san gadon marayu da aka ba kawu riƙo ba, ko kuɗin aikin masallaci, ko na coci, ko kuɗin asibitin da ɗan'uwa ya turo daga Legas a kai wa tsohuwa. Lamba take gani, kuma duk abin da ke ƙarƙashin lambar naka ne a wurinta. Malamai kuwa, saboda amanar da jama'a suka san mu da ita, mu ne muka fi kowa riƙe kuɗin da ba namu ba.

Akwai abu biyu a cikin ƙa'idojin nan da wakilan bankuna ba su cika ambata ba. Na farko, an ce matakin ƙarshe ne, ana ɗaukarsa bayan sauran hanyoyi sun ci tura. Na biyu, uwar kuɗi da ruwan da ya taru kaɗai aka yarda a karɓa ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Duk wanda aka shiga asusunsa yana da haƙƙin ya nemi a baje masa lissafi dalla-dalla, ya ga ko an cusa tara a ciki. Idan ya kai kuka banki ba a share masa hawaye ba, ƙofar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki a buɗe take.

Za a ce mana, ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci dole ya biya. Haka ne. Ba mu zo kare masu cin bashi a wannan banki su sauya asusun albashi zuwa wancan su sulale ba. Akwai su a cikinmu, kuma halinsu na cikin abin da ya jawo wa kowa wannan ƙunci. Sai dai a tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma wanda bashin ke kansa shi aka ɗora wa yin shiftar abin da za a rubuta. Hikimar a bayyane take: mai rauni a cinikin shi ya kamata ya san kowace kalma, domin wuyansa za ta hau. A takardun yau mai ba da bashi ne ke yin shifta, shi ke rubutu, shi ke fassara, shi ke ajiye kwafin, sau da yawa ma mai karɓa ba ya komawa gida da ko falle ɗaya. Sa'an nan idan albashi ya tsaya saboda laifin da ba na malami ba, babu ko layi guda a cikin shafukan nan da ya tanadi uzuri. An ba da bashin ne bisa dogaro da albashin gwamnati, an san da haka, shi ya sa ma aka biyo mu har makaranta. Amma ranar da gwamnatin ta yi jinkiri, malami kaɗai ne mai laifi.

Kalma ta biyu da ake yi wa irin wannan kumburi ita ce “bayananka”. A zatonmu suna da adireshi da lambar waya ake nufi. A sashen ma'anoni kuwa za ka ga an jero BVN da NIN da lambar fayil da matakin albashi da hoton fuska da sunan magaji da lambarsa, sa'an nan a rufe da cewa “da duk wani bayani makamancin wannan”, wato ƙofar da ba ta da ƙyaure. Can gaba sai a ce ka yarda a miƙa waɗannan bayanai ga “abokan hulɗar kamfanin”. Su wane ne abokan hulɗar? Ba a faɗa ba. Zuwa yaushe za su riƙe? Ba a faɗa ba, ko kuma a ce har tsawon lokacin da kamfanin ya ga ya dace. Bashin wata goma sha biyu ne, izinin kuwa ba shi da ranar mutuwa. Shi ya sa malami zai gama biyan bashinsa tsaf, bayan shekara biyu wani baƙon kamfani ya kira shi da cikakken sunansa, ya faɗa masa matakin albashinsa da makarantar da yake koyarwa, ya yi masa tayin sabon bashi. Mu kan yi mamaki mu ce, ina suka samo lambata? Mu muka ba su, da alƙalaminmu.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai tsaya wa wani. Abokin aiki ya zo ya ce, “Malam, taimaka ka sa mini hannu a nan, shaida ce kawai.” Kunya ta hana ka karantawa, ka rubuta lambarka ta BVN a gurbin da aka nuna. A wasu takardun shaida ce kawai da gaske. A wasu kuwa ma'anar “wanda ake bi bashi” ta haɗa da mai karɓa da wanda ya tsaya masa, kowannensu ana iya bin sa dukkan kuɗin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to kai ko ladan ba ka ci ba, ga aska an miƙo maka. Zumunci nawa ne ya mutu a ɗakunan malamanmu ta wannan hanya?

Manhajojin bashi na waya ba ma sai mun daɗe a kansu ba, kowa ya ga aikinsu. Danna “na yarda” sau ɗaya ya ba su damar kwashe lambobin duk mutanen da ke wayarka, ranar da ka yi jinkiri su aika wa surukinka da ɗalibanka na da saƙon cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022, ta kuma wajabta musu rajista, sa'an nan a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayoyin mutane. Sun ragu, ba su ƙare ba.

Yanzu mu juyo gida, domin a nan maganar ta fi ɗaci. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar da za ta kula da aiwatar da ita. Dokar ta ce duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi, ko suna ne ko lamba, bayanin sirrinsa ne da ba a taɓawa sai da hujja. Ta ce a karɓi abin da ake bukata kawai, a yi amfani da shi don abin da aka ambata kawai, kada a riƙe shi fiye da lokacin bukata. Ta ce shiru ba yarda ba ce, wanda ya karɓi bayanin shi zai kawo hujjar cewa an yarje masa, kuma janye yarda ya kamata ya zo da sauƙi kamar ba da ita. Sa'an nan ta ware wasu bayanai ta ce sun fi sauran tsanani: zanen yatsa da makamantansa, lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, da kasancewarsa ɗan ƙungiyar ƙwadago. A sake karanta na ƙarshen. Jerin sunayen 'yan ƙungiyarmu, a idon doka, yana sahu ɗaya da takardar asibiti.

To yaya muke riƙe da shi? Mun sani, ku ma kun sani, cewa akan ƙulla yarjejeniya tsakanin shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da masu ba da bashin babur ko buhun shinkafa ko fili ko waya, kuma abin da ɗan kasuwa ke nema a irin wannan ciniki bai wuce jerin sunaye ba: suna, makaranta, lambar fayil, lambar asusu, lambar waya. A turo shi a WhatsApp, ya wuce daga waya zuwa waya, babu wanda ya tambayi masu sunayen. Ba mu zargin kowa da cin amana da gangan. Yawancin waɗanda suka yi haka neman sauƙi suke yi wa 'yan'uwansu a lokacin da albashi ba ya kai tsakiyar wata. Amma kyakkyawar niyya ba ta dawo da jerin da ya riga ya fita. Kujerar shugabanci ta ba mutum ikon yin magana da yawunmu a gaban gwamnati, ba ta ba shi ikon ba da yardarmu a kan lambobinmu ba. Wannan yarda ta mutum ɗaya-ɗaya ce, kowa da tasa. Idan ƙungiya ba ta kiyaye wannan a cikin gidanta ba, da wane baki za ta tuhumi banki?

Haka nan tantancewar ma'aikata. Kusan kowace sabuwar gwamnati da tata take zuwa, kuma akasari wani kamfanin 'yan kwangila ake ba aikin. Mu yi layi a rana tun safe, a ɗauki yatsunmu goma da hotonmu, mu miƙa kwafin takardar kama aiki da ta ƙarin girma da shaidar karatu da ta haihuwa da bayanin asusun banki. Kwangilar da aka ƙulla da kamfanin ba mu taɓa ganin ta ba, alhali mu ne kayan da ke cikinta. Ba mu san abin da ta ce a yi da bayanan bayan an gama ba, ko za a mayar wa gwamnati, ko za a goge, ko suna nan a kwamfutar wani yaro da ya bar kamfanin tun bara. Takardun da muka miƙa kuwa, wanda bai taɓa ganin irinsu a hannun mai ƙosai ko mai tsire ba, bai daɗe a garin nan ba. Gaskiya ne lambar BVN ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga asusu. Amma ɗan damfarar da ya kira ka ya faɗi sunanka da ranar haihuwarka da lambarka da bankinka, ya riga ya ci rabin yaƙi, saura kawai ya lallashe ka ka karanto masa lambar sirrin da aka turo maka.

Masu kare tantancewa suna da hujja mai ƙarfi, ba za mu ɓoye ta ba. Ma'aikatan bogi gaskiya ne. An sha gano matattu da jarirai da mutum ɗaya mai albashi uku a kundin biyan kuɗi, kuma haɗa albashi da BVN ya toshe ramuka da yawa da kuɗin da ya kamata a biya mu da su ke zurarewa. Malamin gaskiya ba shi da abin tsoro a wajen a ƙirga shi. Matsalar tana wajen ma'anar da aka ba kalmar “daidaito”. Idan kwangila ta ce duk wanda sunansa bai zo daidai harafi da harafi a rumbuna biyu ba a dakatar da albashinsa, to wanda ya rubuta ta bai san mutanen da zai ƙirga ba, ko ya sani bai damu ba. Muhammadu ɗaya ne, amma hedimastan firamarensa ya rubuta Mamman, hukumar jarrabawa ta rubuta Mohammed, ma'aikacin banki ya rubuta Muhammad, na katin ɗan ƙasa ya taƙaita shi yadda ya ga dama. Da yawanmu sunan garinmu aka liƙa mana a makarantar kwana ya zama sunan ƙarshe, daga baya muka koma ga sunan mahaifi. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Na'urorin ba su da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, ba su san inda za su ajiye alamar da ke cikin Sa'adatu ko Isma'ila ba. Mata kuma, kamar malamar da muka fara da labarinta, wani ofishin ya rubuta su da sunan uba, wani da na miji, ba tare da an tambaye su wanne suke so ba. Duk waɗannan saɓani ma'aikatan ofisoshi ne suka haifar da su, amma malami ne ke biyan kuɗin rantsuwa da na jarida da na mota don gyara su, da albashin da aka riƙe.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Iyayenmu da yawa ba su rubuta ba, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi wa tsararrakinmu yawa. Wani ya ƙiyasta shekara a fom ɗin banki, ya ƙiyasta wata a na katin ɗan ƙasa, alhali ta fayil ɗinsa dabam ce. Tun da dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a inda aka aiwatar da ita, tazarar shekara biyu a takarda na iya zama tazarar albashin shekara biyu, ko kuma ta maƙale fanshon mutum a lokacin da ƙarfin zirga-zirga ya ƙare masa. Kowace yarjejeniya ya kamata ta faɗi takardar da za a ɗauka a matsayin uwa idan aka sami saɓani. Yawancinsu sun yi gum, kuma shirun nan kullum mai riƙe da kuɗi yake yi wa amfani.

Abin da muke nema ba ya bukatar sabuwar doka. Muna so kada reshen nan ya sake sa hannu a wata yarjejeniya da mai ba da bashi ko ɗan kasuwa sai an karanta sashen ma'anoninta a gaban taro, an fassara shi da Hausa, lauyan ƙungiya ya duba. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa “asusu” na nufin asusun albashi mai lamba kaza. Idan kuwa bankin ya dage sai da GSI, a ware shi a shafi na musamman da sa hannu na musamman, domin mutum ya san abin da ya jinginar. A sa sharaɗin cewa jinkirin albashi daga ɓangaren gwamnati ba gazawar malami ba ce, a dakatar da lissafin tara har albashi ya dawo. Wanda yake son kasuwar dubban masu albashi zai yarda da wannan. Wanda ya ƙi, ya nuna mana irin cinikin da ya zo yi. Jerin sunayenmu kuma kada ya sake fita daga ofishin reshe: mai son bashi ya kai kansa da bayanansa.

Daga ɓangaren hukumomin ilimi, muna neman a nuna wa ƙungiya kwangilar duk wata tantancewa kafin a fara ta, mu ga abin da ta ce game da ajiya da gogewa da wanda zai ɗauki alhaki idan bayanai suka ɓalle. Dokar 2023 ta ba wanda bayanai suka ɓalle daga hannunsa sa'o'i 72 ya sanar da hukuma idan ɓallewar na iya cutar da masu su. Muna so mu san wa zai yi wannan sanarwa, gwamnati ko ɗan kwangila. Muna kuma neman a daina dakatar da albashi saboda saɓanin harafi. Wanda yatsansa ya yi daidai, hedimastansa da sakataren ilimi suka shaide shi, a ba shi wa'adin gyara takarda yana karɓar albashinsa. A kama na bogi da yatsa, domin yatsa ba ya sauya rubutu daga ofis zuwa ofis.

Mu kuma, 'yan'uwa, akwai namu. Kada kuɗin jama'a ya sake kwana a asusun mutum ɗaya. Adashi ko ƙungiya ta buɗe nata da sunanta da masu sa hannu biyu ko uku, a kuma tambayi bankin a rubuce yadda bashin ɗayansu zai shafi asusun. Kowa ya fito da takardunsa ya jera su a tabarma, shi da iyalinsa, ya duba suna da ranar haihuwa tun yana da ƙafar zuwa gyara. Wanda aka kawo wa fom ya ce zai tafi da shi gida ya kwana biyu, kuma ba zai sa hannu ba sai an ba shi kwafinsa. Idan wakilin ya ce garaɓasar yau za ta ƙare, a bar ta ta ƙare.

Malamar nan an dawo mata da albashinta bayan ta yi rantsuwa a kotu cewa 'yar mahaifinta ita ce matar mijinta. Ariyas na wata ukun har yanzu ana cewa yana hanya. Kuɗin adashin bai dawo ba, domin a takarda bankin bai karya ƙa'ida ba. Malaman makarantar ne suka sake yin karo-karo aka yi bikin, ita kuma tana biyan su kaɗan-kaɗan. Ta ba mu izinin ba da labarinta, ta kuma kawo takardar bashin, wadda sai da ta yi zuwa uku kafin a ba ta kwafi. Za mu karanta shafinta na biyu a taron reshe mai zuwa, layi bayan layi. Duk wanda ke da irin wannan takarda a gida, ko ta bashi ce, ko ta tsaya wa wani, ko ta babur, ya zo da ita.